Sima Qian: Malamin da Ya Haɗiye Wulaƙanci Don Tarihin Mutanensa Ya Tsira

A shekara ta 99 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, mummunan labari ya iso Chang'an, babban birnin daular Han ta ƙasar Sin. An karya wata runduna da aka tura arewa yaƙi da Xiongnu, makiyaya mahaya dawaki da suka daɗe suna addabar iyakar ƙasar, kuma kwamandanta Li Ling ya miƙa wuya. Sarki Wu ya fusata har abinci ya daina yi masa daɗi. Fadawan da 'yan kwanaki kafin nan suke taya sarki murnar jarumtar Li Ling, su ne suka fara jifansa da baƙaƙen maganganu, kowa na so a ga ya fi ɗan'uwansa ɓacin rai.

Sai sarki ya waiwayi wani ƙaramin ma'aikaci mai kula da lissafin taurari da kundayen fada, ya ce ya faɗi abin da ya gani. Sunansa Sima Qian, Sinawa na furta shi kamar Sima Ciyan. Ba abokin Li Ling ba ne, ko zaman shaƙatawa bai taɓa haɗa su ba. Amma ya faɗi abin da ya sani. Ya ce mutumin nan da dakarun ƙasa 5,000 kacal ya kutsa cikin ƙasar abokan gaba, ya yi sama da kwana goma yana gwabzawa da dubban mahaya da suka ninka shi sau da yawa, har kibau suka ƙare, agaji bai zo ba. Ya ce mai yiwuwa ya miƙa wuya ne don ya samu damar yi wa ƙasarsa wani amfani nan gaba. Sarki ya ɗauki maganar a matsayin habaici ga babban kwamandan yaƙin, Li Guangli, wan wata mata da sarki ya fi so, wanda shi ma ya fita da mahaya 30,000 a shekarar ya dawo ya yi asarar mafi yawansu. Nan take aka miƙa Sima Qian ga alƙalai da laifin yaudarar sarki.

Ni malamin makaranta ne, ɗan gundumar Kazage a gabashin Birnin Gwari. Ina rubuta labarin wannan Basine ne saboda na ga ƙauyukanmu suna tashi ɗaya bayan ɗaya, tsofaffinmu suna rasuwa a garuruwan da suka yi gudun hijira, kuma babu mai riƙe da alƙalami. Sima Qian ya nuna wa duniya iyakar abin da mutum ɗaya zai iya biya don kada labarin mutanensa ya bi iska, kuma hanyar da ya bi wajen rubutun tana da abin koyi gare mu.

Wasiyyar uba

An haife shi a Longmen, kusa da garin Hancheng na yau a lardin Shaanxi, a gaɓar Rawayan Kogi. Masana sun rabu kan shekarar, wasu sun ce 145, wasu 135 kafin Miladiyya. Mai karatu ya tuna cewa shekarun wancan zamani a juye ake ƙirga su, lambar tana raguwa ne yayin da lokaci ke tafiya. Da ƙuruciya ya yi noma da kiwo a gindin duwatsun garinsu, yana ɗan shekara goma ya fara karanta tsofaffin littattafai. Mahaifinsa Sima Tan shi ne mai riƙe da muƙamin lura da taurari da tsara kalanda da adana kundaye a fada. Muƙamin ba shi da wani girma, albashinsa kaɗan ne, kuma fadawa kan lissafa mai shi kusa da masu duba. Amma yana da abu ɗaya da kuɗi ba sa saye, wato mabuɗin ɗakunan da aka tara takardun daula.

Yana ɗan shekara ashirin ya bar gida ya shiga ƙasa. Ya gangara kudu zuwa kogunan Yangtze da Huai, ya hau dutsen Kuaiji, ya tsaya a bakin kogin Miluo inda mawaƙi Qu Yuan ya jefa kansa ruwa. Ya je Qufu, garin malam Confucius, ya ga ɗakinsa da keken dokinsa da tufafinsa, ya ga ɗalibai suna ci gaba da karatu a wurin. A Huaiyin mutanen gari suka ba shi labarin Han Xin, babban janar da ya tashi cikin talauci, suka ce ko kuɗin binne mahaifiyarsa ba shi da su amma ya zaɓa mata wuri mai tudu da fili. Bai tsaya ga ji ba, sai da ya taka ya ga kabarin da idonsa. Gani ya kori ji, kuma a kan wannan ya gina aikinsa duka. Daga baya ya shiga hidimar fada, a shekara ta 111 aka aike shi kudu maso yamma har yankin Yunnan na yau. A shekara ta 109, lokacin da aka toshe ɓarakar da Rawayan Kogi ya yi a Huzi bayan ya shafe sama da shekara ashirin yana cinye gonaki, yana cikin ma'aikatan da suka ɗauki itace a kafaɗa suna zubawa a bakin ruwa.

A shekara ta 110 sarki ya tafi dutsen Tai don wani babban bikin daula. Sima Tan ya kwanta ciwo a hanya, aka bar shi a kusa da Luoyang. Ɗansa ya same shi a gadon ajali. Tsohon ya kama hannunsa yana kuka, ya ce ya fara tattara tarihin ƙasar bai gama ba, yana tsoron labarin sarakuna nagari da bayin ƙasa masu amana zai ɓace a hannunsa, ya roƙe shi kada ya bar aikin. Sima Qian ya sunkuyar da kai yana hawaye ya ɗauki alkawari. Bayan ya gama zaman makoki ya gaji muƙamin mahaifinsa a wajen shekara ta 108. A shekara ta 104 yana cikin masanan da suka tsara sabuwar kalanda, wadda ta mayar da farkon shekara zuwa lokacin da sanyi ke fara janyewa, lokacin da har yau Sinawa ke bikin sabuwar shekararsu. Yana tsakiyar rubutun ne maganar Li Ling ta faɗo masa.

Zaɓi tsakanin mutuwa da kunya

Dokar Han ta yarda mai laifi ya fanshi kansa da kuɗi. Sima Qian ba shi da su, kuma cikin abokansa na fada babu wanda ya miƙa hannu ko ya buɗe baki. Abin da ya rage shi ne mutuwa ko dandaƙa. A al'adar manyan mutane na lokacin, wanda ya san mutuncin kansa yakan kashe kansa ne kafin a kai shi ga irin wannan hukunci, domin a wurinsu babu abin kunyar da ya kai a taɓa jikin da iyaye suka ba mutum, balle a yanke masa zuri'a. Shi ya zaɓi ya rayu. Aka dandaƙe shi. Li Ling kuwa, daga baya sarki ya sa aka kashe iyalinsa, bai sake komawa gida ba har ya mutu a cikin Xiongnu.

Da Sima Qian ya fito daga kurkuku, sarkin da ya wulaƙanta shi ya naɗa shi magatakardan cikin gida, muƙamin da babannin fada ke riƙewa. Mutane suna ganin ya samu ɗaukaka, shi kuwa ya san abin da ke cinsa. Mun san haka ne daga wata doguwar wasiƙa da ya rubuta wa abokinsa Ren An, wanda shi ma yake tsare yana jiran hukuncin kisa. A cikinta ya bayyana cewa duk sanda ya tuna abin da aka yi masa gumi kan jiƙa masa riga, kuma ba shi da fuskar da zai ziyarci kabarin iyayensa. Ya ce ba tsoron mutuwa ne ya hana shi mutuwa ba, littafin ne bai kammala ba. Ya lissafa magabatan da suka yi manyan ayyuka cikin ƙunci, har da Zuo Qiuming da ya yi rubutu bayan ya makance, da Sun Bin da ya tsara dabarun yaƙi bayan an nakasa masa ƙafafu. Ya ce idan littafin ya kammala ya isa hannun waɗanda za su san darajarsa, to ya biya bashin kunyarsa.

Ya kammala shi a wajen shekara ta 91. Ana kyautata zaton ya rasu a wajen shekara ta 86, kusa da rasuwar Sarki Wu, wanda ya yi shekara 54 a kan gado.

Abin da ke cikin littafin

Littafin da aka sani yau da suna Shiji, wato Kundin Marubucin Tarihi, yana da babi 130. Marubucin da kansa ya ƙirga kalmominsa ya ce 526,500 ne. Takarda ba ta yaɗu ba a lokacin, don haka a kan tsagin gora aka rubuta shi, layi ɗaya a kan kowane tsagi, a jera su a ɗaure da igiya kamar asabari, a naɗe. Ya faro daga sarakunan farko da Sinawa ke ambato a labaran kaka da kakanni, ya gangaro har zamaninsa, tsawon sama da shekara 2,000.

Kafin shi, galibin tarihi a Sin jerin shekaru ne, a shekara kaza sarki kaza ya yi kaza. Shi ya raba nasa gida biyar. Babi 12 na sarakunan da suka riƙe ƙasa ne. Babi 10 jadawali ne, inda ya jera masarautu gefe da gefe domin mai karatu ya ga wane ne ke mulki a nan lokacin da abu kaza ya faru a can. Babi 8 na fannonin rayuwa ne, irin su bukukuwa, kiɗa, kalanda, taurari, koguna da magudanan ban ruwa, da sha'anin kuɗi da haraji. Babi 30 na manyan gidajen sarauta ne. Sauran babi 70, fiye da rabin littafin, tarihin rayuwar mutane ne, kuma a nan ne hannunsa ya fi fitowa.

Cikin waɗannan mutane akwai janarori da wazirai, amma akwai likitoci, da masu duba, da 'yan barkwancin fada da suke gaya wa sarki gaskiya cikin raha, da jaruman unguwa masu cika alkawari ko da doka ta hana, da azzaluman alƙalai da ya ware musu babi guda ya ambace su da sunayensu, mafi yawansu ma'aikatan sarkin da yake yi wa aiki. Babi na 129 na 'yan kasuwa ne. Ya ba da labarin Bai Gui, mai sayen hatsi da kaka lokacin da kowa ke sayarwa, da wani makiyayi Luo da dabbobinsa suka yi yawa har da kwari ake auna su, da wata bazawara mai suna Qing da ta riƙe ramukan ma'adinan gidansu har sarki ya girmama ta. Bai manta da mai wasa wuƙaƙe da likitan dawaki da suka yi arziki da sana'arsu ba. Duk wanda ya san kasuwar hatsi ta Birnin Gwari ko ramukan zinariya na dajinmu zai gane waɗannan mutane.

Yana auna mutum da abin da ya aikata, ko da ba shi da asali. Chen She ɗan ƙodago ne a gonakin mutane. A shekara ta 209 aka tasa shi da mutum 900 zuwa aikin tsaron iyaka, ruwan sama ya tare su a hanya, kuma dokar daular Qin, wadda ta gabaci ta Han, ta ce wanda ya makara kisa ne. Da ya ga ko ta ina mutuwa ce, sai ya yi tawaye, tawayen da ya zama sanadin rushewar daular. Wata shida kacal ya yi yana mulki aka kashe shi, amma Sima Qian ya sa shi cikin babin manyan gidajen sarauta. Haka kuma bai rufa wa gidan da yake ci a ƙarƙashinsa asiri ba. Liu Bang, wanda ya kafa daular Han, kakan mahaifin Sarki Wu ne. Littafin ya nuna wayonsa da iya zama da mutane, ya kuma faɗi cewa ranar da aka kore shi daga fagen yaƙi a shekara ta 205, ya riƙa tunkuɗo 'ya'yansa biyu daga keken doki don keken ya yi sauƙi, mai tuƙin ne yake tsayawa yana ɗauko su.

Yadda yake tace labari

Abin da ya fi burge ni a matsayina na mai koyarwa shi ne tsarinsa na raba labari da ra'ayi. Yakan kawo abin da ya faru tukuna, sa'an nan a ƙarshen babi ya fito da sunan muƙaminsa ya faɗi yadda shi yake gani, wani lokaci da wurin da ya je da wanda ya ba shi labari. Misali shi ne labarin Jing Ke, wanda ya yi yunƙurin soke Sarkin Qin da wuƙa a shekara ta 227. Mutane suna yaɗa cewa ya ji wa sarkin rauni, har da wasu abubuwan al'ajabi. Littafin ya ce ba haka ba ne, ya kuma ambaci mutum biyu da suka yi abota da likitan fada Xia Wuju, wanda yana wurin har ya jefi maharin da jakar magani, ya ce daga bakinsu labarin ya fito. Almajirin da ya karanta ilimin hadisi zai gane wannan nan take, domin isnadi ne, wane ya ji daga wane. Inda labarai suka yi karo kuma ya kasa rarrabewa, yakan kawo su duka ya bar ƙofa a buɗe.

Ba ma'asumi ba ne. Akwai maganganun sirri da ya sa a bakin mutane waɗanda babu yadda za a yi wani ya ji su, kuma akwai shekarun da ya rikita, musamman na zamanin da masarautu ke yaƙi da juna. Shi kansa ya koka cewa daular Qin ta ƙone kundayen sauran masarautu a shekara ta 213, abin da ya rage masa ba shi da cikakkun ranaku. Amma ƙasa da kanta ta ba shi shaida. Ya jera sunayen sarakunan daular Shang, waɗanda suka riga shi da shekara dubu, har wasu masana suka ɗauka tatsuniya ce. A shekarar 1899 aka gano ƙasusuwa da ƙoƙon kunkuru masu rubutu daga yankin Anyang, a 1917 masani Wang Guowei ya gwada sunayen da ke kansu da jerin Sima Qian, suka dace in ban da 'yan wurare kaɗan. Ya rubuta cewa mutum 700,000 aka sa aikin kabarin sarkin farko na daular Qin, kuma an yi koguna na ruwan zaiba a ciki. A 1974 manoma masu haƙar rijiya kusa da Xi'an suka ci karo da dubban gumakan sojoji na yumɓu a gefen kabarin, daga baya gwajin ƙasar tudun ya nuna zaiba mai yawa fiye da ƙima.

Ya rubuta har da abokan gaba

Babi na 110 na Xiongnu ne, mutanen da ta dalilin yaƙi da su aka wulaƙanta shi. Da ya so, da zagi kawai zai cika babin da shi, kuma fada za ta yaba. Maimakon haka ya bayyana yadda suke rayuwa, yadda suke bin ruwa da ciyawa da dabbobinsu, yadda yaro ke koyon harbi tun yana hawan tumaki, yadda shugabansu Modu ya haɗa kansu. Ya faɗi yadda suka yi wa Liu Bang ƙawanya a Baideng a shekara ta 200, da sulhun da ya biyo baya, inda Han ke ba su 'yar sarauta aure da alharini da hatsi duk shekara, da yadda hare-hare ba su daina ba duk da haka. Har ya ba wani Basine da ya koma cikinsu fili ya kare al'adunsu a gaban manzannin Han. A babin kuɗi kuma ya nuna abin da yaƙe-yaƙen Sarki Wu suka jawo, baitulmali ya ƙare, aka ƙara haraji, gwamnati ta ƙwace cinikin gishiri da ƙarfe, aka fara sayar da muƙamai.

Ban kawo wannan don in kwatanta wata ƙabila tamu da Xiongnu ba. Na kawo shi ne domin duk wanda zai rubuta abin da ya faru a dajinmu, dole ya rubuta manomin da aka harbe a gonarsa, ya rubuta makiyayin da aka kore masa shanu tun farkon fitinar, ya rubuta wanda 'yan bindiga suka kashe da wanda 'yan sa-kai suka kashe ba tare da shari'a ba, ya rubuta ɗan gari mai kai rahoto da mai kai mai da burodi daji. Tarihin da ya ɗauki gefe ɗaya makami ne ake ajiye wa jikoki.

Akwai wata tambaya da ya yi a babi na 61 wadda na sha jin irinta a zaman makoki a garuruwanmu. Ya kawo labarin wani ƙasurgumin ɗan fashi mai suna Zhi, da ya tara dubban mabiya yana kashe bayin Allah kullum, amma ya mutu a kan gadonsa da tsufansa. Ya kawo Yan Hui, ɗalibin da Confucius ya fi so, wanda bai taɓa ƙoshi ba kuma ya mutu da ƙuruciya. Sai ya tambaya ina adalcin yake. Mu Musulmi muna da amsa, mun san akwai ranar hisabi da ba a zaluntar kowa. Amma abin da ya ƙare babin da shi ya shafe mu, domin ya lura cewa mutanen kirki na ƙauye da lungu sunansu kan mutu tare da su idan ba a samu wanda ya ambace su ba. Wannan kam aikin duniya ne, kuma a wuyan masu ilimi yake.

Bayan rasuwarsa

Ya yi kwafi biyu, ɗaya a ɓoye, ɗaya a babban birni. Littafin bai fito fili ba sai a zamanin Sarki Xuan, lokacin da jikansa Yang Yun, ɗan 'yarsa, ya bayyana shi. Wasu babi sun ɓata, wani malami Chu Shaosun ya cike gurbin wasu. Masu mulki ba su daina jin zafinsa ba. A shekara ta 192 Miladiyya, kusan shekara 300 bayan rasuwarsa, wani babban waziri Wang Yun yana cewa kuskure ne da Sarki Wu bai kashe shi ba, har ya bar shi ya rubuta littafin ɓatanci. Duk da haka, Ban Gu ya ɗauki tsarinsa ya rubuta tarihin daular Han, ƙanwarsa Ban Zhao ta kammala. Daga nan ya zama al'ada, duk daular da ta hau sai ta rubuta tarihin wadda ta gada, har aka tara manyan tarihai 24, na Sima Qian ne na farkonsu. Édouard Chavannes ya fassara babi 47 zuwa Faransanci tsakanin 1895 da 1905, Burton Watson ya fitar da babban kaso da Turanci a 1961.

Mu fa?

Mu ma ba baƙin wannan aiki ba ne. Littafin Tarihin Kano ya jera sarakuna tun daga Bagauda. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, har ya saka wasiƙun da Shehu al-Kanemi na Barno ya aiko yana sukar jihadin, bai ɓoye hujjar abokin hamayyarsa ba. Waziri Junaidu ya ƙare rayuwarsa yana tara takardun Sakkwato. Abubakar Dokaji ya ba mu Kano Ta Dabo Cigari. Dokta Yusufu Bala Usman ya bi garuruwan ƙasar Katsina yana tambayar tsofaffi kafin ya rubuta tarihinta, kuma har ya rasu a 2005 yana koya wa ɗalibai a Zariya cewa kowane labari sai an tambayi wanda ya faɗe shi da dalilinsa na faɗa.

Amma ƙasar Birnin Gwari, mai gundumomi 11, mai tsohon birni da ganuwarsa, mai ramukan zinariya tun zamanin Turawa, mai dajin Kamuku da aka keɓe a 1936 ya zama gandun ƙasa a 1999, abin da ya same ta a shekarun nan yana warwatse ne a jaridu da Facebook. An san sojoji 11 da aka kashe a Kamfanin Doka a watan Maris na 2018. An san harin Gwaska na watan Mayun shekarar, inda aka rasa sama da mutum 40, amma mutum nawa ne a cikinmu za su iya kawo sunayensu? A daminar 2022 mutanen Damari, a gundumarmu ta Kazage, suka watse suka bar amfanin gona a tsaye. Jarida ta ba shi kwana biyu ta wuce. A watan Nuwamba na 2024 aka yi sulhu da 'yan bindiga aka buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe, hanyar Kaduna ta fara samun motoci. Mun gode wa Allah. Sai dai lokacin sauƙi shi ne lokacin da mantuwa ta fi sauri, kowa ya koma neman abin da zai ci.

Akwai wani dattijo da na sani wanda ke iya jero masu garinsu tun daga wanda ya sari dajin, da rijiyar da kowannensu ya haƙa, da shekarar fara da shekarar yunwa. A ɗakin haya ya rasu a garin da ya yi hijira, babu wanda ya ɗauki muryarsa ko a waya. Na kuma taɓa sa ɗalibaina su rubuta sunayen ƙauyukan da iyayensu suka baro. Wasu sun rubuta, wasu kuwa ƙanana ne lokacin da aka gudo da su, sunan kawai suka sani, ba su san gabas da yammacin garin ba.

Sima Qian ya yi nasa da tsagin gora, a ƙarƙashin sarkin da ya nakasa shi. Mu muna da littafin rubutu na naira kaɗan da waya a aljihu. Ina kira ga malaman makaranta, da limamai, da masu unguwanni, da ɗalibanmu da ke jami'o'in Zariya da Kaduna, kowa ya ɗauki garinsu. A zauna da tsofaffi maza da mata, domin mata sun riƙe abin da maza ba su gani ba. A rubuta sunan wanda aka kashe da ranar da wurin, da wanda aka sace da abin da aka sayar aka fanso shi, da wanda ya buɗe gidansa ya sauki 'yan gudun hijira. A rubuta wanda ya ba da labarin, a raba abin da ya gani da abin da ya ji. Abin da fitar da shi yanzu zai jawo wa wani haɗari, a rubuta a adana, kada a watsa. A yi kwafi biyu, ɗaya a gida, ɗaya a kai inda ake adana takardu, irin su Gidan Arewa da ke Kaduna. Addininmu ya hana ɓoye shaida, kuma mu ne shaidun wannan zamani. Wanda yake da tsoho a gida, ya fara da shi tun yana da rai.